KATUNAN HADDA NA WAYA: A GYARA KAFIN A HADDACE

Ya ku 'yan'uwa masu neman ilmi, wanda ya shiga birnin Kano ta Ƙofar Nassarawa ya nufi fadar Sarki, yana cikin yankin da aka daɗe ana koyar da Larabci bisa tsari. Makarantar Ilmin Larabci ta Kano, wadda aka kafa a 1934 a matsayin makarantar shari'a, aka canza mata suna a 1947, ta yaye alƙalai da malamai waɗanda suka haddace kalmomi daga littafi da bakin malami. A yau kuwa ɗalibai da dama cikin waya suke yin wannan aiki, ta hanyar katunan hadda: kalma a fuska ɗaya, ma'anarta a ɗaya fuskar.

Ba mu ƙin wannan hanya. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa tana da sauri a farko, sa'annan ta lafa. A kan haka aka gina manhajoji irin su Anki, wadda Damien Elmes ya fitar a 2006. Katin da ka sani za ta jinkirta dawo maka da shi, wanda ka kasa kuwa ta dawo da shi da wuri. Tilawa ce da ƙididdiga.

To amma ga inda matsalar take. Manhajar ba ta san daidai da kuskure ba. Abin da aka zuba mata shi za ta dasa a zuciyar ɗalibi, kuma da ƙarfi ɗaya. Ɗalibi yakan sauko da katuna dubu daga intanet, bai san wanda ya rubuta su ba, balle wanda ya duba su, ya dinga maimaitawa wata shida. Alhali kuwa a makarantar allo, almajiri ba ya fara hadda sai malam ya duba rubutunsa ya gyara wasali. Ku dubi haruffan ba'un da ra'un kawai: birru alheri ne da biyayya, burru alkama ce, barru kuwa tudu ne, kishiyar teku. Wasali guda ya raba su. Wanda ya haddace alkama a gurbin biyayya, warware masa ya fi koya masa tun farko wuya.

Saboda haka muke ganin lalle ne a fitar da katunan daga manhajar zuwa fayil na rubutu zalla, a buɗe shi cikin manhajar jadawali, kamar Excel ko LibreOffice Calc ta kyauta. A waya kati ɗaya ake gani, a jadawali kuwa ga su nan duka a jere, kowane kati layinsa, kalma a ginshiƙi ɗaya, ma'ana a na biyu. Nan ne ido yake kama kalmar da aka maimaita, da wadda ba a yi wa wasali ba. Sai a ƙara ginshiƙi na uku don sunan littafi da lambar shafi. Katin da ba a iya nuna asalinsa ba, a keɓe shi har a tambayi malami. Magabata ma ba su amincewa da kwafen littafi sai an yi masa muƙabala da asali.

Sai dai jadawalin kansa yana da nasa haɗari, kuma wajibi ne a faɗa. Wanda ya jera ginshiƙi ɗaya bisa haruffa ya bar sauran a inda suke, ya raba kowace kalma da ma'anarta cikin daƙiƙa guda. Haka nan wajen adana fayil: in ba a zaɓi tsarin UTF-8 ba, rubutun Larabci yakan koma alamomin tambaya, haruffanmu masu lanƙwasa su ma su lalace. Wasu don gudun haka sai su zubar da lanƙwasar da gangan, ƙura ta zama kura, ɓata ta zama bata. Wannan ba magani ba ne, sakaci ne.

Akwai kuma batun mayar da katunan. Anki tana gane kati ne ta ginshiƙin farko, sai fa in an fitar da fayil ɗin tare da lambar shaidar kowane kati. Wanda ya gyara ma'ana kawai, katinsa zai sabunta, tarihin tilawarsa na nan. Wanda ya gyara kalmar farko ba tare da wannan lamba ba, sabon kati zai samu, tsohon mai kuskure kuma yana nan yana ci gaba da dawowa. A ajiye kwafe kafin a taɓa komai.

Kiranmu ga malaman makarantun Islamiyya shi ne su ɗauki wannan aiki a hannunsu. Kowane littafin da ake karantarwa a yi masa jadawali guda, malami ya duba shi layi-layi, a rubuta ranar dubawa a jikinsa, sa'annan a raba wa ɗalibai. Wanda ba shi da kwamfuta, a buga masa a takarda ya yanka da almakashi.