Raddi Ga Masu Raina Shimfiɗaɗɗen Zane A Wasannin Bidiyo

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin matasanmu masu sha'awar wasannin bidiyo, wai duk wasan da aka yi da shimfiɗaɗɗen zane, wato 'yan hotunan nan marasa tudu da kwari da ake jerawa ɗaya bayan ɗaya har su ba da motsi, tsohon yayi ne, ko kuwa aikin wanda ya rasa jari. A ganinsu, wasa ba ya cika wasa sai an mulmula mutanen cikinsa, ana iya zagaya su gaba da baya, ana ƙirga gashin gemunsu. Mu kam ba mu yarda ba. Wannan ra'ayi ya jahilci ma'anar fasaha, kuma yana da illa ga masu yin ta.

Mu fara da Mario, tunda kowa ya san shi. Lokacin da Shigeru Miyamoto na kamfanin Nintendo ya zana shi domin wasan Donkey Kong a 1981, filin da yake da shi bai wuce ɗigo 16 a tsaye da 16 a kwance ba. Baki ba zai fito a wannan ɗan wuri ba, sai ya sa masa gashin baki. Gashin kai zai yi wuyar motsawa, sai ya kifa masa hula. Ya kuma ba shi tufa mai launi biyu don a riƙa ganin hannuwansa in yana gudu. Ashe ke nan duk kamannin da duniya ta san Mario da su, ƙunci ne ya haife su. Wannan ba baƙon abu ba ne ga ɗalibin adabi. Marubucin waƙa da ya ɗaure kansa da kari da amsa-amo ba ya samun damar zuba kalmomi barkatai, tilas ya auna kowace gaɓa, kuma a wurin aunawar ne gwaninta ke bayyana. Haka mai ɗinkin hula yake ƙirga zare, haka mai wannan zane yake ƙirga ɗigo.

Masu rainin sukan ce ai da na'ura ta samu ƙarfi an yi watsi da wannan salo, kuma ruwa ba ya tsami banza. Gaskiya ne an juya masa baya bayan fitowar PlayStation a 1994 da Nintendo 64 a 1996. To amma a je a duba abin da ya rage na wancan zamani. Mutanen Virtua Fighter na 1993, waɗanda aka yi ta tafa wa a lokacin, yau in ka gan su sai ka ce kwalaye aka ɗaure da igiya. Ga kuma Metal Slug na 1996, da Castlevania: Symphony of the Night na 1997, da Street Fighter III: 3rd Strike na 1999, har gobe ido bai ƙoshi da su ba. Dalili kuwa a fili yake. Hoton da burinsa shi ne ya kwaikwayi zahiri, ranar da aka ƙera na'urar da ta fi kwaikwayo, ranar ya tsufa. Zanen hannu bai shiga wannan tsere ba balle a wuce shi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci a wurinmu, shi ne rabon da ake bar wa mai kallo. Babu wata kaka da ta taɓa faɗa mana tsawon Gizo ko launin zanen Ƙoƙi, amma kowannenmu ya gan su da idon zuci. Scott McCloud, a littafinsa Understanding Comics na 1993, ya kawo hujjar cewa gwargwadon sauƙin zanen fuska, gwargwadon yadda mai kallo ke iya sa kansa a cikinta. Yarinyar wasan Celeste na 2018 ko idanu ba ta da su a lokacin da take hawan dutse, duk da haka mai wasa yana jin fargabarta a jikinsa. Mulmulallen hoto kuwa, da zarar ya kusa zama mutum bai ƙarasa ba, sai idanunsa su zama na gawa.

Sai batun kuɗi, wanda masu rainin ba su son a taɓo. Takardun da suka fito a wata shari'a a Amurka a 2023 sun nuna cewa an kashe kimanin dala miliyan 220 wajen yin The Last of Us Part II. Wanda ya zuba irin wannan dukiya ba zai yi kasada da sabon tunani ba, sai dai ya maimaita abin da ya riga ya karɓu a kasuwa. A ɗaya gefen, Daisuke Amaya shi kaɗai ya yi Cave Story cikin shekara biyar, ya sake shi kyauta a 2004. Eric Barone shi kaɗai ya zana, ya tsara, ya yi kiɗan Stardew Valley na 2016, wanda zuwa ƙarshen 2024 an sayar da kwafi sama da miliyan 40. Idan aka ce salon da ya buɗe wa mutum ɗaya ƙofa ba fasaha ba ne, to an ce ke nan ba mai ikon ba da labari sai attajiri.

Kada a ɗauka muna cewa aikin mai sauƙi ne. Kowane naushi da kowane taku sai an zana shi daban, hoto bayan hoto. Wannan wahala ce ta sa kamfanin SNK, bayan kyakkyawan zanen The King of Fighters XIII na 2010, ya koma mulmulallen hoto a 2016, kuma masoya wasan da yawa sun yi ƙorafin cewa ado ya ragu. Masu Cuphead na 2017 kuwa a kan takarda suka zana motsin mutanensu, irin na majigin zane na shekarun 1930, suka shafe shekaru suna yi. Mun kuma yarda akwai malalata da ke fakewa da manyan ɗigogi suna sayar wa mutane begen ƙuruciya. Waɗannan mu ma ba mu kare su. Amma ba a taɓa soke waƙa don an samu mai karya kari ba.

A watan Satumba na 2025, wani ɗan ƙaramin kamfani na birnin Adelaide a Ostireliya, Team Cherry, ya fitar da Hollow Knight: Silksong, shimfiɗaɗɗen zane daga farko har ƙarshe. Cunkoson masu saye a ranar sai da ya sa shagon Steam na intanet ya tsaya cik na wani lokaci. Muna jiran masu cewa salon ya mutu su gaya mana jana'izar wa wannan taro ya zo.