Tsadar katin hoto: Me mai gidan gem a cikin birnin Kano yake saya da kuɗinsa?

A watan Janairun 2025 kamfanin Nvidia na Amurka ya fito da katin hoto mafi ƙarfi cikin waɗanda yake ƙera wa masu wasan kwamfuta, wato RTX 5090, ya sanya masa farashin Dala 1,999. Idan aka buga lissafin a kan Naira 1,500 kowace Dala, kuɗin ya doshi Naira miliyan uku, tun kafin a zo maganar jirgi da kwastan da ribar ɗan kasuwa. Ma'aikacin Gwamnatin Jihar Kano da ke kan mafi ƙarancin albashi na Naira 71,000 sai ya shafe shekara uku da rabi yana tara albashinsa, bai ci ba bai sha ba, kafin ya mallaki wannan kati, wanda shi kansa ba kwamfuta ba ne, ɓangare ɗaya ne a cikinta.

Babu mai tsammanin ganin irinsa a lungunan Yakasai ko Mandawari ko Koki. Amma farashinsa ya shafi waɗannan unguwanni, domin duk lokacin da na sama ya ɗaga, na ƙasa da na gwanjo su ma sukan bi sahu. A cikin badala akwai matasan da suka mayar da zaure ko ɗan shagon ƙofar gida wurin buga gem suna samun na cefane. Akwai ɗan kasuwar Kurmi ko Kwari da ƙaninsa ya matsa masa ya ba shi jarin buɗe irin wannan shago, akwai kuma ma'aikacin da ɗansa ya ce karatunsa ba zai yiwu ba sai da kwamfuta mai “girafik”. Dukansu a Titin Beirut ko Kasuwar Farm Centre suke haɗuwa, kuma kalma guda ake tallata musu: 4K.

Hoton da ke kan allon kwamfuta ko talabijin tarin ƙananan ɗigo ne masu launi, aikin katin hoto kuwa shi ne ya lissafa launin kowane ɗigo, ya sake lissafawa sau 60 ko fiye a cikin daƙiƙa ɗaya don motsi ya tafi sumul. Allon da ake kira 720p yana da ɗigo 921,600. Na 1080p yana da 2,073,600, na 1440p yana da 3,686,400, shi kuwa 4K ɗigonsa 8,294,400 ne, wato ninki huɗu cif na 1080p. Saboda haka wanda ya sayi allon 4K ya ɗora wa katinsa aikin mutum huɗu. Ko dai ya ƙara kuɗi ya sayi katin da zai iya, ko ya zauna yana kallon 'yan ƙwallo suna tafiya da ƙyar kamar masu ciwon ƙafa, ko kuma ya rage ɗigon ya koma 1080p ɗin da ya raina, kuɗin allon ya tafi a banza. Wannan shi ne abin da mai talla ba ya faɗa: farashin allo somin taɓi ne, ainihin kuɗin yana cikin katin da allon zai tilasta a saya.

Tsadar katin ta zo ne hawa-hawa. A 2020 da 2021 annobar korona ta tsayar da masana'antu, a daidai lokacin da masu haƙar kuɗin intanet na Ethereum suka riƙa kwashe katunan daga kasuwa, har farashin wasu ya ninka. Wannan ya lafa a ranar 15 ga Satumban 2022, lokacin da Ethereum ya sauya tsari ya daina buƙatar katin hoto. Sai dai ba a gama ajiyar zuciya ba ChatGPT ya bayyana a ƙarshen Nuwamban shekarar, manyan kamfanoni suka shiga tseren gina ƙirƙirarriyar basira, wadda ita ma da irin wannan na'ura take aiki.

Alƙaluman Nvidia da kansu sun nuna inda hankalin kamfanin ya karkata. A shekarar kuɗinsa da ta ƙare a Janairun 2025, ya yi cinikin Dala biliyan 130.5. Daga ciki, biliyan 115.2 daga manyan cibiyoyin tattara bayanai suka fito, masu wasa kuwa biliyan 11.4 kacal suka kawo, ƙasa da kashi tara cikin ɗari. Duk ɗan kasuwa ya san abin da wannan ke nufi. Wanda ke sayen dila ɗari a tashi ɗaya shi ake fara saurara a Kantin Kwari, mai neman yadi biyar sai ya jira. Kamfanin TSMC na Taiwan ne ke ƙera zuciyar waɗannan katuna, abin da yake iya fitarwa kuma yana da iyaka, don haka yaron da ke son buga ƙwallo a Jakara yana layi ɗaya ne da Microsoft da Meta, ko ya sani ko bai sani ba.

Hawa na uku na gida ne, kuma shi ya fi ciwo. Katin RTX 4060, wanda ake ɗauka na masu ƙaramin ƙarfi, ya fito a watan Yunin 2023 a kan Dala 299, a watan da Babban Bankin Najeriya ya saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Kafin nan Dala tana wajen Naira 460 a hukumance, a hannun 'yan canjin Wapa kuma wajen 750. A farashin Wapa na wancan lokaci katin zai kama kimanin Naira 224,000. Da Dala ta haura 1,500 a farkon 2024, katin nan dai, ba a ƙara masa komai ba, ya koma kusan Naira 450,000. Magajinsa RTX 5060 ya fito a 2025 shi ma a kan Dala 299. Mai saye a Amurka zai ce farashi bai motsa ba. Mai saye a gindin Dutsen Dala ya biya ninki biyu, sannan ga harajin kayayyaki na kashi 7.5 da kuɗin fito da ake lissafawa da Dala.

Duk da haka, kuɗin saye sau ɗaya ake biyansa. Wanda ba ya ƙarewa shi ne na wuta, kuma a nan ne lissafin masu ba da shawara daga Turai yake rushewa idan ya iso Kano. RTX 4060 wat 115 yake ja. RTX 4090 na 2022 yana jan 450, shi kuwa 5090 wat 575, har kamfanin yana ba da shawarar a haɗa shi da na'urar rarraba wuta mai wat 1,000. Tun watan Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, yunit ɗaya ya haura Naira 200. Idan shago ya yi awa goma yana aiki, ƙaramin katin zai sha wutar kimanin Naira 240 a yini, babban kuma kimanin 1,200, ban da sauran kwamfutar da allo da fanka. Wannan ma idan akwai wutar ke nan. Ba a manta ƙarshen Oktoban 2024 ba, lokacin da Kano da akasarin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda a duhu saboda lalacewar manyan layukan dakon wuta. Ƙaramin janaretan da ake gani a ƙofar shagunan lungu ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, ba zai ɗauki babbar kwamfuta ko guda ba. Man fetur ɗin da za a zuba masa kuwa, wanda farashinsa na hukuma bai kai Naira 200 ba kafin cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, ya taɓa haura 1,000 a ƙarshen 2024. Mai sola ma bai tsira ba, domin kowane wat da aka ƙara, ƙarin faranti ne da batir.

Kuma duk wutar da katin ya ja, zafi take komawa. A watan Afrilu, sa'ad da zafin Kano ke wuce maki 40, shago mai rufin kwano a lungun da iska ba ta ratsawa tanda ne. Katin da ya ji zafi yakan rage gudun kansa don kada ya ƙone, sai mai shi ya tarar ya biya kuɗin doki yana hawan jaki. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe fankokinsa.

To, mene ne ido yake samu a madadin wannan wahala? Akwai iyakar abin da idon mutum ke iya rarrabewa. A talabijin mai inci 43, lafiyayyen ido yakan daina bambance ɗigon 1080p idan nisa ya kai kusan mita biyu, a mai inci 32 kuwa mita ɗaya da 'yan kai ya isa. Yaran da ke zaune a benci a gidan gem, taku uku daga allo, da wuya su tantance 4K daga 1080p ko da an sa musu kyauta. Abin da hannu da ido suke ji nan take shi ne saurin sauyawar hoto da kuma jinkirin da ake samu tsakanin danna maɓalli da motsin ɗan wasa. Allon 1080p mai sauya hoto sau 120 ko 144 a daƙiƙa ya fi allon 4K mai nawa daɗin wasa, ya kuma fi shi araha nesa ba kusa ba. Ko a duniya baki ɗaya, ƙidayar da dandalin Steam ke fitarwa kowane wata ta nuna cewa a 2025 fiye da rabin masu wasan kwamfuta a kan 1080p suke, masu 4K kuwa 'yan ƙalilan ne.

A cikin birni ma yawancin gidajen gem ba kwamfuta suke aiki da ita ba, PlayStation ce, wasan da ke ja musu jama'a kuma ƙwallo ce: FIFA da ta koma EA Sports FC a 2023, da PES da ta zama eFootball a 2021. PlayStation 4 ta asali, wadda ta fito a 2013, ba ta fitar da wasa a 4K sam, don haka haɗa ta da talabijin ɗin 4K ado ne kawai. Uwa uba, kuɗin wasa ba ya bin yawan ɗigo. A ƙaddara mai shago yana karɓar Naira 200 a kowane wasa: sai an buga wasa 2,250 kafin ya mayar da Naira 450,000, bai cire kuɗin mai da haya ba. Abokan cinikinsa kuwa ɗalibai ne da yaran shago, waɗanda da yawansu sun riga sun koma buga PUBG da Free Fire a waya. Idan ya ƙara kuɗi saboda ya sa babban allo, lungu na gaba za su koma.

Wannan ne ya sa kasuwar gwanjo ta zama mafaka, ita ma da nata tarkon. Katunan da masu haƙar Ethereum suka watsar bayan 2022 sun bazu a duniya, wasunsu sun yi shekara biyu suna aiki dare da rana. Akwai kuma tsohuwar damfarar da aka sani a kasuwannin intanet, inda ake ɗaukar tsohon kati irin GTS 450 a sauya bayanan cikinsa ya riƙa nuna sunan GTX 1050 Ti. Bakano ba ya sayen fata a Kurmi sai ya juya ta ciki da bai, amma sai ka ga ya ƙirga dubu ɗaruruwa a kan kwali mai sheƙi. Manhajar GPU-Z kyauta ce, tana kuma tona asirin akasarin irin wannan jabu. Barin katin ya yi rabin awa yana aiki mai nauyi a gaban mai saye yakan fallasa mataccen fanka ko zafin da ya wuce kima. Mai sayarwar da ya ƙi yarda da gwaji ya riga ya ba da amsa.

Akwai dai waɗanda katin ba abin wasa ba ne a wurinsu, su ne kuma tsadar ta fi illatawa. Masu tace finafinan Kannywood da ke aiki da Premiere Pro ko DaVinci Resolve, masu zanen alluna da katin biki, ɗaliban zanen gine-gine da injiniya a Jami'ar Bayero da Jami'ar Aliko Dangote ta Wudil, duk da shi suke cin abinci ko neman ilimi. A wurinsu yawan memorin katin ya fi sunansa muhimmanci, shi ya sa RTX 3060 na 2021 mai gigabait 12 yake da daraja har yanzu, alhali ƙannensa biyu da suka biyo baya takwas-takwas aka ba su. Su ma akwai tambayar da ta dace su yi wa kansu. Shirin da aka ɗauka a 4K aka kwana ana tacewa, akasarin masu kallonsa a YouTube a waya suke kallo, sun rage hoton zuwa 360p ko 480p don tattalin data, musamman tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 a farkon 2025. Ɗauka a 4K yana da amfaninsa wajen gyara da ajiya, amma ba lallai ne a tace a haka ba. Manhajojin suna ba da damar yin aiki da ƙaramin kwafi, sai a ƙarshe a fitar da babban.

Inda abin ya shafi gwamnati shi ne horo. Shirin 3MTT da Ministan Sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a ƙarshen 2023 don horar da matasa miliyan uku ya ƙunshi ƙirƙirar gem da zanen katun mai motsi da ƙirƙirarriyar basira, darussan da ba sa koyuwa yadda ya kamata a tsohuwar laftof ɗin ofis. Matashin Sheshe ko Zage da ya karɓi takardar shaida amma bai taɓa zama gaban na'urar da ake aikin da ita ba, rabin sana'a aka ba shi. Ɗaki guda mai kwamfuta ashirin masu matsakaicin kati da wutar sola, a kwaleji ko ɗakin karatu na jiha, inda za a riƙa biyan kuɗin awa, zai fi rabon na'urori ga ɗaiɗaikun mutane tasiri, kuma sana'a ce da ɗan kasuwa mai jari zai iya shiga ba sai ya jira hukuma ba.

Masu jiran farashi ya faɗo kuwa, alamu ba sa tare da su. A ƙarshen 2025 farashin memori ya yi tashin gwauron zabo a duniya, saboda Samsung da SK Hynix da Micron, waɗanda su uku ne ke riƙe da kusan dukan kasuwar, sun karkata ga cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira. A watan Disamban shekarar Micron ya sanar da cewa zai daina sayar wa ɗaiɗaikun mutane kayansa masu tambarin Crucial. Kowane katin hoto da kowace PlayStation da irin wannan memori ake haɗa su, don haka ko Naira ta ɗan farfaɗo a Wapa, wani ɓangare na sauƙin zai zurare tun daga masana'anta kafin kaya su iso Titin Beirut.