Baƙo ne ya karya asibitin Birtaniya? Ana barin jaki ana dukan taiki

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato a Birtaniya, magana ɗaya ce ke sake ɗagowa: baƙi sun yi yawa, sun cika asibitoci, sun cinye tallafin gwamnati, ɗan ƙasa mai biyan haraji kuma ya koma ƙarshen layi. Maganar tana da daɗin faɗa a dandalin siyasa domin tana ba mai fushi wanda zai nuna da yatsa. Sai dai idan aka ɗora ta a kan tarihin hukumar lafiyar ƙasar, wato NHS, da kuma lissafin kuɗinta, ba ta iya tsayawa da ƙafarta.

An buɗe NHS ranar 5 ga Yuli, 1948, ƙarƙashin ministan lafiya Aneurin Bevan, bisa ƙa'idar cewa kowa zai sami magani ba tare da an tambaye shi kuɗi a ƙofar asibiti ba, haraji ne zai ɗauki nauyi. Mako biyu kafin wannan rana jirgin ruwan nan Empire Windrush ya iso tashar Tilbury ɗauke da ɗaruruwan mutanen Karebiyan. Tun daga shekarun farko asibitocin suka dogara da ma'aikatan jinya daga Ailan da Karebiyan, da likitoci daga Indiya da Pakistan. Wani abin mamaki ma shi ne, Enoch Powell, wanda a 1968 ya yi jawabin nan mai zafi a Bamingam yana gargaɗi kan shigowar baƙi, shi ne ministan lafiya daga 1960 zuwa 1963, lokacin da ake ɗebo ma'aikata daga ƙasashen waje don cike guraben asibitoci. A yau kusan ɗaya cikin kowane ma'aikata biyar na NHS a Ingila ba ɗan ƙasar ba ne, kuma 'yan Indiya da 'yan Filifin da 'yan Najeriya ne a kan gaba. Dattijon da ke kwance a gadon asibiti yana kukan baƙi sun yi yawa, akwai yiwuwar baƙuwa ce ke auna masa jini.

Sai batun cewa baƙo na cin bulus. Galibin masu bizar aiki ko ta karatu suna shiga ƙasar ne da sharaɗin ba su da haƙƙin taɓa kuɗin tallafin jama'a: ba tallafin rashin aiki, ba na kuɗin haya. Ban da wannan, tun watan Afrilun 2015 aka ɗora musu wani kuɗi na musamman don amfani da asibiti. Ya fara da fam 200 a shekara, ya koma 400 a 2019, ya hau 624 a 2020, sannan a Fabrairun 2024 ya kai fam 1,035 ga babba, 776 ga ɗalibi ko yaro. Magidanci mai mata da 'ya'ya biyu da ya nemi bizar shekara biyar zai biya fam 18,110, kuma a dunƙule, tun kafin ya taka ƙasar. Da ya fara aiki za a riƙa cire masa harajin albashi da kuɗin inshorar ƙasa kamar kowa. Wato sau biyu yake biyan kuɗin asibiti guda. Har zuwa 2020 ma'aikatan jinya baƙi da ke aiki a cikin asibitocin ma suna biyan wannan kuɗi. Sai da annobar korona ta kashe wasu daga cikinsu, jama'a suka yi ca, sannan gwamnati ta ji kunya ta yafe musu.

To me ya jawo dogon layi? Cewa akwai layin gaskiya ne: a watan Satumban 2023 jerin masu jiran magani a Ingila ya kai kusan miliyan 7.7. Amma dalilan a bayyane suke. Daga kafuwar NHS, kasafinta kan ƙaru da kusan kashi 4 cikin ɗari a shekara bayan an cire hauhawar farashi, saboda mutane na ƙara tsawon rai kuma magani na ƙara tsada. Bayan 2010, da gwamnatin masu ra'ayin riƙau ta shiga tsuke bakin aljihu, ƙarin ya faɗo zuwa kashi ɗaya da ɗan ɗoriya na tsawon shekaru kusan goma. Aka bar gine-gine suna lalacewa, na'urori suka tsufa. Aka zaftare kuɗin ƙananan hukumomi, waɗanda su ke kula da tsofaffi a gidajensu, sai tsohon da ya warke ya ci gaba da zama a gadon asibiti don babu mai karɓarsa a gida, mara lafiyar da ke buƙatar gadon kuma yana jira a motar ɗaukar marasa lafiya. Binciken da Lord Darzi ya gabatar wa gwamnati a Satumban 2024 a nan ya ɗora yatsa: ƙarancin jari, tsuke kuɗi, da garambawul ɗin 2012 da ya hargitsa tsarin. Kaso mai yawa na kuɗin lafiya a kan tsofaffi yake tafiya, baƙin da ke shigowa aiki kuwa galibinsu matasa ne masu ƙarfi a jika.

Masu adawa da shigowar baƙi suna da hujja guda da ya kamata a saurara. A shekarar da ta ƙare a Yunin 2023, yawan waɗanda suka shigo ya zarce na waɗanda suka fita da sama da mutum 900,000, a ƙasar da ta daɗe ba ta gina isassun gidaje. Wannan yana taɓa kuɗin haya, kuma talaka ne ke fara ji a jikinsa. Haka nan mai ƙaramin albashi da ya zo da iyali mai yawa ba lallai harajinsa ya biya abin da za a kashe a kansu ba. Amma a tambayi wanda ya buɗe ƙofar. Gwamnatin da ta yi alkawarin rage baƙi bayan ficewa daga Tarayyar Turai ita ce ta raba bizar, domin ta gwammace ta ɗauko mai kula da tsofaffi daga Legas ko Kerala a kan albashi mafi ƙaranci da ta ƙara haraji ta biya ɗan ƙasa abin da zai riƙe shi a aikin. Jami'o'i ma haka: an daskarar da kuɗin makarantar ɗan ƙasa a fam 9,250 na tsawon shekaru, aka bar ɗalibi baƙo, mai biyan ninki biyu ko uku, ya cike giɓin. Masu tsallako teku a ƙananan jiragen ruwa, waɗanda hotunansu ke cika jaridu, kusan 45,000 ne a 2022, ɗan ƙaramin yanki na jimillar.

Ainihin muhawarar da 'yan siyasar ke gudu ita ce ta haraji. Masu zaɓe suna son asibiti kyauta, suna son a rage haraji, suna son a rage baƙi, kuma babu jam'iyyar da ke da ƙarfin halin gaya musu cewa ukun ba sa haɗuwa. A 2016 an rubuta a jikin wata jar mota cewa ƙasar na aika wa Tarayyar Turai fam miliyan 350 a kowane mako, gara a ba NHS. Aka fice, layin asibiti bai gajarta ba, sai aka koma neman wani mai laifin. Masu cewa a miƙa lafiya ga kasuwa kuma su dubi Amurka, wadda ke kashe kusan kashi 17 cikin ɗari na arzikinta a kan lafiya, fiye da kowace ƙasa mai arziki, amma miliyoyin mutanenta ba su da inshora kuma tsawon ransu bai kai na Birtaniyawa ba.

Akwai wanda ake cuta da gaske a wannan ciniki, kuma ba a jin muryarsa a majalisar Landan. Likitan da ya yi karatu a Zariya ko Ibadan ko Maiduguri, jami'ar gwamnati ce ta horar da shi da kuɗin ƙasa matalauciya, sai ƙasa mai arziki ta same shi a shirye ba ta kashe ko kwabo ba. Najeriya da Nijar da Gana duk suna cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu matsanancin ƙarancin ma'aikatan lafiya. Birtaniya ta hana hukumominta zuwa farautar ma'aikata a irin waɗannan ƙasashe, amma ta bar ƙofa ga duk wanda ya nemi aikin da kansa, kuma dubbai suna nema.

Hukumomin Najeriya ba su da bakin kuka a nan. A Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya. Mai masaukin baƙin ta shafe shekaru tana yawo a wajajen kashi 5. Sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar daga aljihun mara lafiya yake fitowa, wato tsarin kowa tasa ta fisshe shi da wasu ke yi wa Birtaniya sha'awa, a Najeriya an daɗe ana rayuwa a cikinsa. Maganin da Majalisar Wakilai ta hango a Afrilun 2023 shi ne ƙudirin Ganiyu Johnson, na hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi aikin shekara biyar a gida. Ƙudirin bai ce komai ba game da albashin likitan, ko wutar lantarkin ɗakin tiyata, ko manyan ƙasar da ke hawa jirgi zuwa Landan duk lokacin da jikinsu ya motsa, inda mai yiwuwa wanda ya gama karatu a Zariya ne zai duba su.