Sharhi: Darasin tsaunukan Turai ga mazauna gindin duwatsu a Kudancin Kaduna

A ranar 28 ga Mayu, 2025, ƙanƙara da duwatsu suka zaftaro suka binne mafi yawan ƙauyen Blatten na ƙasar Suwizalan. Mutum ɗaya ne ya ɓace, domin hukumomi sun kwashe mazauna wurin kimanin 300 kwanaki kafin aukuwar bala'in, bayan masana sun lura cewa tsaunin yana motsi.

Sa ido ne ya ceci rayuka. Tun 1993 ƙasashen Turai suke amfani da ma'auni guda mai mataki biyar wajen sanar da jama'a haɗarin zaftarewar dusar ƙanƙara. Idan yanayi ya yi ɗumi, dusar tana narkewa, ruwan ya ratsa har ya iske shimfiɗa mai tauri, sai abin da ke sama ya sulluɓe.

Babu dusar ƙanƙara a Kachia ko Kafanchan, amma ruwan damina yana yin irin wannan aiki. Idan aka jera kwanaki ana ruwa a Agusta da Satumba, ƙasar da ke kwance kan dutse tana jiƙewa, ta yi nauyi, ta rasa abin riƙo. Sare itatuwa don gawayi, fasa dutse da noma a gangare suna ƙara raunana ta. Wannan abin lura ne ga mazauna gindin duwatsun Kagoro da manoman cittar Kachia masu gonaki a gangare. Girgizar ƙasar da ta auku a Kwoi a Satumban 2016 ta kuma nuna cewa yankin yana buƙatar bincike.

Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina duk shekara, NIHSA kuma na ambaliya. Sai dai hasashen ba zai gaya wa mai unguwa halin da gangaren bayan gidansa yake ciki ba. Wannan sai wanda ke wurin, idan ya san alamomin: tsagewar ƙasa, karkatar itatuwa, darewar bango, da ɓullar ruwa mai laka inda ba a saba gani ba.

Ya kamata hukumar ba da agajin gaggawa ta jihar Kaduna da hukumar binciken ƙasa ta tarayya su tantance gangaren da ke da haɗari, su horar da masu sa ido a ƙauyuka, su kuma tanadi wurin da za a kai jama'a kafin damina ta kankama.