A daina sayar wa yaranmu iska da sunan "booster"

Daga Nyanya zuwa Kubwa, muna ganin yaranmu na biyan masu turi kuɗi a saka musu "booster", wai don Free Fire da PUBG su daina sarƙewa. Mu faɗa wa juna gaskiya, yaudara ce.

RAM a jikin waya yake, ba a sauke shi daga intanet. Kuma tun fitowar Android 14 a 2023, Google ya hana manhaja kashe ayyukan wasu manhajoji, abin da "booster" ke taƙama da shi ke nan. Me ya rage mata? Talla, cin data, da neman izinin shiga hotuna da lambobin waya. Wata ma kan jawo a rufe wa yaro asusun wasansa.

Masu cewa "ai tana ɗan taimakawa", ku rage ingancin hoto a saitin wasan, ku goge tarkace, ku bar waya ta huce. Ko sisi ba za ku kashe ba.

Iyaye, mu riƙa duba wayoyin yaranmu. Masu turi, ku ji tsoron Allah.

Sakataren ƙungiya