"A sauke inji" ba ita ce amsar kowane hayaƙi ba

Wannan makon garejin gyaran babura zan kai ku, kuma da ƙorafi na zo.

Kwanakin baya ƙanena ya sayi Boxer na hannu da kuɗin da ya yi wata da watanni yana tarawa. Washegari da asuba ya buga kik, salansa ta yi amai da hayaƙi shuɗi, bayan minti uku ya ɗauke. Ga sandar giya tana lilo kamar haƙorin tsoho. Ya kai wa bakanike. Mutumin bai cire filogi ba, bai duba baƙin mai ba, totur kawai ya murɗa sau biyu ya ce, "Sai an sauke inji, a sa fistin da ringi." Ya yanka kuɗin da ya kusa sulusin kuɗin babur ɗin.

Da na matsa aka je wani wurin, sai ga abin da ya fito: wanda ya sayar ya ɗura baƙin mai har ya wuce alama, sil ɗin bawul ya bushe, notin sandar giya kuma ya yi sako-sako. Aikin yini ɗaya.

Ga abin da nake cewa, kuma ba zan janye ba: sauke inji hukuncin ƙarshe ne. Duk bakaniken da ya fara da shi kafin bincike, ko dai bai iya aikin ba, ko aljihunka yake kallo.

Hayaƙi yana da launi, kowane launi da abin da yake faɗa. Farin tururi maras kauri da sanyin safiya, musamman a hunturu, raɓar da ta kwana cikin salansa ce, da inji ya ɗumama za ta tafi. Baƙin hayaƙi kuwa fetur ne ya rinjayi iska: ko an manta cok a ja, ko ƙura ta toshe filtar iska, ko kafireta na ambaliya. Shuɗi shi ne baƙin mai ke ƙonewa, amma nan ma akwai tambaya: yaushe yake fita? In da tashin farko ne kawai sannan ya ɗauke, a fara zargin sil ɗin bawul, domin mai na tsiyaya ta nan cikin dare ya taru a kan fistin. Gyaransa a saman inji yake. In kuwa hayaƙin bai ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, yana ƙaruwa in an ba shi wuta, ƙarfi ya ragu, mai na ƙarewa da wuri, to a nan ne maganar ringi ta halatta. Kada kuma a manta akwai injin da da ma hayaƙi halinsa ne. Jincheng AX100 da ire-irensa suna ƙona mai tare da fetur, haka aka ƙera su. Boxer ba haka yake ba.

Filogi ma shaida ne da ba ya karɓar cin hanci. Bakinsa in ya yi ruwan ƙasa, lafiya lau. In ya yi baƙi a bushe kamar kunkunniya, fetur ya yi yawa. In ya jiƙe da maiƙo, mai na shiga inda bai kamata ba. Cire shi bai kai minti biyu ba. Me ya hana a duba?

Haka zancen giya. A fara daga waje. Sandar da kake takawa tana riƙe ne da ƙananan haƙora da noti guda, yawanci sifana mai lamba 10 ke ɗaure shi. Sai wayar kulochi: wasan da ake so a hannu kamar milimita 2 zuwa 3 ne, in ya yi yawa kulochi ba ya saki sosai, giya ta yi tauri, neman firi ya zama wahala. Sai baƙin mai: wanda ya tsufa yana taurara giya, wasu man motoci kuma suna sa kulochi santsi, shi ya sa ake neman mai alamar JASO MA a jikin galan. In ka taka sandar ba ta dawo da kanta ba, sifirin ɗinta ne ya karye, kuma a yawancin ƙananan baburan nan murfin gefe kawai ake buɗewa a kai gare shi. Sai giya ta riƙa fita da kanta ana cikin tafiya, bayan an gama duba duk waɗannan, sannan a yi maganar raba inji biyu.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne walda. Sanda ta yi lilo, maimakon a ɗaure ko a sauya, sai a kira mai walda ya liƙe ta da shaf ɗin. Zafin ya ƙona sil, mai ya fara yoyo, ranar da za a cire sandar kuma sai an yanke. Garin neman gira an rasa ido.

Na san za a ce ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Gaskiya ne, ai bakanike ne ya ceci ƙanena. Za a kuma ce masu babura ne ke cewa "Oga, yi min na yau kawai." Wannan ma gaskiya ne, kuma a nan laifinmu yake. Mutum ya yi shekara biyar a kan babur bai san inda ake auna baƙin mai ba, sannan ya yi mamakin an cuce shi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, babur ya zama motar malamin makaranta, ɗan kasuwa da ɗalibi. Kuɗin sauke inji na banza, kuɗin cefanen wata ne a wani gidan.

Mai shirin sayen na hannu kuma, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma ka san girman hujin. Ka je da sassafe, ka taɓa injin da hannunka. In ka ji shi da ɗumi, an riga ka tayar da shi don hayaƙin farko ya wuce kafin ka iso. Ka ce gobe za ka dawo, a bar shi ya kwana.

In kuma bakanike ya ce a sauke inji, ka tambaye shi cikin ladabi: "Oga, wane launi hayaƙin yake, kuma me filogi ya nuna?" Wanda ya iya aikinsa zai ji daɗin tambayar. Wanda ya fusata, tura babur ɗinka gaba.

Akwai makanikai a cikinmu, na sani. Fili naku ne, ku zo ku kare kanku.