Filin Kimiyya: Wa ke faɗa wa dawa lokacin fid da kai?

Ga tambayar wannan mako. Manomi a Fassi ya shuka kaura a farkon Yuni, maƙwabcinsa kuma sai bayan mako uku. Me ya sa gonakin biyu ke fid da kai kusan lokaci guda?

Amsar ita ce dawar gargajiya tsawon dare take aunawa. A yankin Rano da Kibiya, yini yakan kai kusan awa 12 da minti 45 a Yuni, sannan ya riƙa raguwa har zuwa kusan awa 11 da rabi a Disamba. Ganye ne ke gane wannan canji. Idan dare ya kai tsawon da ake buƙata, sai ganye ya aika wani sinadari zuwa tsinin da ke tsiro. Nan take tsinin ya daina yin sabon ganye, ya fara haɗa fure. Daga nan dawa ta yi ciki, ta fid da kai, ta yi bununi, ƙwaya ta biyo baya.

Garner da Allard, masana biyu a Amurka, su ne suka bayyana wannan a 1920, bayan gwaji da taba da waken suya. A 1968 kuma Curtis ya nuna cewa dawar kowane yanki a Nijeriya tana fid da kai ne daf da ɗaukewar ruwan yankinta.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga rumbun gidanku. Dawar da ta yi fure da wuri, ruwa zai sa ƙwayarta ta yi fumfuna. Wadda ta makara kuwa, ƙasa za ta bushe kafin ta cika ido. Shi ya sa irin da aka ɗauko daga nesa kan ba manomi kunya, kuma wanda ya makara da shuka yakan samu ɗan ƙaramin kai.

Ku gwada da kanku a watan Yuli. Ku shuka waken kananado a gwangwani biyu. Ku riƙa kife ɗaya da kwali daga ƙarfe 5 na yamma zuwa 7 na safe, ɗayan ku bar shi a fili. Ku rubuta ranar da kowanne ya fara fure, ku nuna wa malamin aikin gona, sannan ku aiko mana da sakamakon.

Sai mako mai zuwa.